Leshin Ziri na Garin Idriya: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya ji an ce leshi a ƙasar Hausa, abin da ke faɗo masa a rai shi ne yadi biyar na fitar biki, irin wanda ake jerawa a akwatin lefe. Wannan inji ne ke yinsa. Akwai wani kuma da ake saƙawa da hannu a kan matashi, zare na bin zare, kuma cikin ire-irensa babu wanda ya kwanta mini a rai kamar na wani ƙaramin gari a ƙasar Sulobeniya mai suna Idriya, wanda mutanensa ke rubutawa Idrija. Tambayoyin nan su ne waɗanda aka fi yi mini duk sa'ad da na ɗauko zancensa.

Me ake nufi da leshin ziri?

Leshi ne wanda ƙashin bayansa ziri ɗaya ne siriri, faɗinsa bai wuce na yatsa ba. Ana saƙa zirin yana tafiya, ya lanƙwasa, ya kewayo, ya dawo ya gogi jikinsa, kamar rafi a fadama. Duk inda ya taɓa kansa sai a sarƙe shi, inda kuma ya bar gurbi sai a cike da ƙananan ado. Fure ne ko zuciya ko ganye, idan aka sa yatsa aka bi shi a hankali za a tarar hanya ɗaya ce mai tsawo ta fitar da siffar gaba ɗaya.

Masaƙanmu na gargajiya ma ƙyalle siriri suke saƙawa mai tsawo, sannan a yanka shi a ɗinke gefe da gefe ya zama zane ko gwado. Sai dai nasu miƙe yake tafiya, kuma sai an sauke shi daga masaƙa ake haɗawa. Na Idriya tun yana kan saƙa yake lanƙwasa, kuma tun a lokacin ake haɗa shi. Mutanen garin suna kiran zirin *ris*.

Da waɗanne kaya ake aikin?

Ba su da yawa, kuma babu mai tsada a cikinsu. Na farko matashi ne mulmulalle mai siffar ganga, wanda ake ɗura wa garin katako a danne shi har ya yi tauri. Sunansa *bula*. Ana ɗora shi a cikin wani ɗan kwando da ake kira *jerbas*, don kada ya mirgina, kuma don mai saƙa ta riƙa juya shi yadda ta ga dama. Sai zanen da za a bi, a kan takarda mai kauri da suke kira *papirc*, wanda ake lulluɓa wa matashin a kafe. Sai kwarkwaron katako da ake naɗa zare a wuyansu, da fil masu yawa, da kwarashi mai siririn baki, da almakashi. Zaren kuwa na lilin ne ko na auduga, fari ko ruwan madara, ko da yake matasan yanzu suna sa masu launi, har da na ƙarfe idan sarƙa ko ɗan kunne za su yi.

Kwarkwaro ba ya aiki shi kaɗai. Zare ɗaya ake ɗauka a naɗa rabinsa a wannan, rabi a wancan, a rataya tsakiyarsa a jikin fil. Biyu-biyu suke tafiya har a gama, don haka zan riƙa kiransu tagwaye.

To yaya ake saƙar kanta?

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne motsi biyu ne kacal a cikin sana'ar nan. A ɗauki tagwaye biyu, ɗaya a hannun hagu, ɗaya a dama, wato zare huɗu ke nan a jere. Idan aka ɗauki na biyu aka ɗora a kan na uku, an gitta. Idan kuma a kowane hannu aka ɗauki na dama aka ɗora a kan na hagu, an murɗa. Shi ke nan. Duk wani leshin kwarkwaro da ke duniya, daga na talakawan ƙauye har na fadar sarakunan Turai, daga gittawa da murɗawa ya fito. Jerin da aka bi da su ne ke sauya kamanni. Gitta, murɗa, gitta yana ba da saƙa mai cika kamar ta yadi. Gitta da murɗa kaɗai yana ba da raga mai shara-shara. Idan aka yi ta maimaita su da tagwaye biyu ba tare da an sako wasu ba, sai a sami siririyar igiya kamar kitso.

A cikin zirin, tagwaye ɗaya ne ke zirga-zirga, sauran suna rataye suna bin tsawonsa. Masu zirga-zirgar su ne a madadin ƙoshiyar masaƙi. Za su ratsa na ratayen ɗaya bayan ɗaya har su kai gefe, a murɗa su, a kafa fil a ɗigon da zane ya nuna, su kewaye shi su juyo. Kowace kewayawa tana barin ɗan ƙaramin madauki a bakin zirin, kuma waɗannan madaukai za su yi amfani nan gaba. Da zarar an ɗan yi nisa sai a danna fil ɗin baya su nutse cikin matashi, don kada zare ya maƙale a kawunansu idan hanya ta kewayo.

Da yake matashin mulmulalle ne, kwarkwaron suna reto ne a ƙasa, mai saƙa tana riƙe da su a tafin hannu tana wulla su tsakanin yatsu. Nauyinsu na taimakawa wajen miƙar da zare. Idan gwanaye suka taru suna aiki, ƙarar katakon da ke bugun juna ce ke cika ɗaki.

Idan motsi biyu ne kawai, ina wahalar take?

A kwana take. Miƙaƙƙen ziri ko yarinya 'yar shekara bakwai za ta iya fitar da shi cikin 'yan kwanaki. Amma da hanya ta lanƙwasa, gefen waje yana da nisa, na ciki kuwa gajere ne, alhali zare ɗaya ne ke zuwa nan ya koma can. Idan aka kafa fil daidai wa daida a ɓangarorin biyu, cikin kwanar zai cunkushe, wajenta ya yi giɓi. Dabarar ita ce a riƙa kafa fil a waje kamar kullum, a ciki kuwa a koma wa fil ɗaya fiye da sau ɗaya, ko kuma masu zirga-zirgar su juyo a jikin tagwayen da ke can ciki ba tare da an kafa komai ba. A lokaci guda ana jan zaren da ke rataye, na ciki a ɗan tsananta, na waje a sassauta, ana kuma juya matashin cikin kwandonsa don hanya ta kasance kullum tana fuskantar mai saƙa.

Wannan jan zaren ba ya rubutuwa a takarda. Hannu ne ke koyonsa, kamar yadda mai tuƙin tuwo ke sanin ya yi daga nauyin muciya. A ganina nan ne kaɗai ake raba gwana da 'yar koyo. Idan aka miƙo mini leshi ba na fara duba furanninsa, kwanoninsa nake dubawa: shin sun kwanta lumui, faɗin zirin bai ragu ba bai ƙaru ba, ko kuwa sun tattare? Zane mai sauƙi da kwana mai tsabta ya fi mini zane mai tarin ado da kwana a yamutse.

Da allura ake ɗinke inda zirin ya haɗu?

A'a, allura ba ta shiga aikin nan. Idan sabon ziri ya zo daf da wanda aka riga aka saƙa, sai a zare fil ɗin da ke tsohon madauki, a zura kwarashi a ciki, a jawo zare ɗaya daga cikin masu zirga-zirga har ya fito kamar zobe, a zura ɗan'uwansa da kwarkwaronsa ta cikin zoben, a ja. Sun sarƙe ke nan, sai a ci gaba. A babban aiki ana yin haka sau ɗaruruwa.

Haka ma ƙarshe. Idan zirin ya kewayo ya iso inda ya faro, kowane tagwaye ana sarƙe su a madaukin farko, a ƙulla, a yanke. Gefen da ke kallon mai saƙa shi ne bayan leshin, fuskarsa na kife a kan takarda, don haka ƙulle-ƙullen duk a baya suke zama. Gwana takan zaɓi wurin farawa tun kafin ta rataya zare, inda mahaɗar za ta ɓuya.

Ƙananan adon da ke tsakanin zirin fa?

Da tagwaye biyu ake yinsu, galibi a aro daga cikin zirin, su je su yi aikinsu su dawo. Akwai siraran igiyoyi masu kama da kitso, wasu da ɗan ƙullin ado a jiki. Akwai wani cikakken ɗigo mai siffar ƙwayar kankana wanda suke kira *ribica*, wato ɗan kifi, da zare ɗaya ke kai da komo a tsakanin uku har ya kumbura a tsakiya ya tsuke a baki. Akwai kuma wani ado mai siffar gizo-gizo. Manyan zanukan ma suna da sunayen da matan garin suka raɗa musu daga abin da suke gani: *srčkovke* masu zuciya, *križčevke* masu gicciye, *potonke* daga sunan wani fure, *rogljički* masu ƙananan ƙaho. Wanda ya san yadda maɗinkanmu suka sa wa aikin babbar riga aska biyu da aska takwas ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Me ya sa wannan ƙaramin gari ne ya shahara da shi?

Zaiba ce sila. A shekarar 1490 aka gano ta a kwarin, kuma labarin da ake bayarwa shi ne wani mai sassaƙa bokitin katako ne ya jiƙa bokitinsa a ruwa, ya ga wani abu mai nauyi yana ƙyalli a gindinsa. Daga nan Idriya ta zama wurin haƙar zaiba na biyu mafi girma a duniya, bayan Almaden ta ƙasar Sifaniya, aka yi shekara 500 ana haƙa. Ma'aikata da ƙwararru sun zo daga ƙasashen Jamusawa da na Cek, kuma ana ganin matansu ne suka zo da saƙar. Rubutu mafi tsufa da ya ambaci leshi a garin na shekarar 1696 ne.

Aikin rami ba ya arzuta leburansa, kuma zaiba guba ce. Tururinta na sa makyarkyata da zubewar haƙora, tana kwantar da magidanci tun da sauran ƙarfinsa. Likitan da aka turo wa mahaƙan a 1754, Giovanni Antonio Scopoli, ya yi rubutu a kan wannan ciwo. Garin kuma a cikin kwari yake tsakanin duwatsu, babu filin noman kirki. Saboda haka kuɗin leshi ba na kwalliya ba ne a gidan mahaƙi, na cefane ne. Uwa da 'ya'yanta mata suna saƙa, dillalai su saya su kai kasuwannin nesa. Duk sa'ad da na ga farin leshin nan tas, sai na tuna a gidajen da aka saƙa shi akwai mazan da hannunsu ke rawa.

Abu na biyu shi ne makaranta. A 1876 Ma'aikatar Ciniki da ke Vienna, lokacin garin na ƙarƙashin daular Ostiriya, ta buɗe makarantar leshi a Idriya, malamarta ta farko kuwa 'yar garin ce, Ivanka Ferjančič. Ta rasu a 1879 tana da ƙuruciya, amma makarantar ba ta rufe ba har yau. Ɗaruruwan yara na zuwa bayan an tashi daga boko. Injinan leshi sun bayyana a Ingila tun farkon ƙarni na 19, na John Heathcoat a 1809 da na John Levers a 1813, kuma sun kashe saƙar hannu a garuruwa da dama. Inda aka sami aji da malama da zanuka a ajiye, sana'ar ta sami wurin fakewa. A 2018 hukumar UNESCO ta sa saƙar leshin kwarkwaro ta Sulobeniya cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada, bayan ta riga ta sa mahaƙar zaibar a jerin wuraren tarihi a 2012.

Na ji ana cewa babban ziri da ƙaramin ziri. Mene ne bambancinsu?

Babban, *široki ris*, da tagwaye bakwai ake yinsa, wato kwarkwaro 14. Shi ne ya kafu a zamanin Ostiriya, wajen shekarun 1870, kuma shi ya fitar da sunan garin. Yana da kauri da kwarjini, ya dace da bakin labule, shimfiɗar gado da kayan coci. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya garin ya koma hannun Italiya, kasuwa ta sauya, masu saye suka fi son abu siriri mai laushi. Sai ƙaramin, *ozki ris*, ya yi fice, mai tagwaye biyar, kwarkwaro 10. Da yake siriri ne yana iya shiga matsattsiyar kwana, ya fitar da zane mai sarƙaƙiya. Ni dai babban ya fi burge ni, don ba ya ɓoye kuskure ko kaɗan.

Idriya ce kaɗai ke irin wannan?

Ko kusa. A Sulobeniya kanta akwai Žiri da Železniki. Milan ta Italiya ta yi suna da leshin ziri tun ƙarni na 17, Vologda ta Rasha na da nata mai ziri ɗaya da ke yawo bai yanke ba, Schneeberg ta Jamus ma haka. Kowanne da yadda yake cike gurabensa.

Wanda ake kira Battenberg fa, ba shi ba ne?

Ɗan'uwansa ne na nesa. A Battenberg, wanda ya yi tashe a ƙarshen ƙarni na 19, zirin na inji ne, sayensa ake yi a naɗe. A shimfiɗa shi a kan zane, a kama shi da ɗinkin wucin gadi, a cike guraben da allura, sannan a warware ɗinkin a ɗaga. Aikin hannu ne shi ma, kuma mai kyansa yana da kyau. Amma zirin da aka saƙa a miƙe ba ya son lanƙwasa, dole a ja zaren gefensa ya tattare ko a ninke shi a kusurwa.

Yaya zan gane na hannu idan na gani?

Daga amsar da ta gabata. A duba cikin kwana: idan akwai tattara ko ninki, zirin sayo shi aka yi. Idan ya kwanta sumul kuma zaren ya buɗe kamar mafici ta gefen waje, a kan matashi aka saƙa shi. A juya bayansa a nemi layin ƙananan ƙulli inda aka rufe. A kuma gwada bin zare ɗaya da ido. A na hannu za a ga inda ya fito da inda ya nufa.

Leshin da muke ɗinkawa na biki yana da alaƙa da wannan?

A suna da kamanni kawai. Namu surfani ne na inji a kan yadi, wani a huda shi, wani kuma a narkar da yadin da ke ƙasa da sinadari a bar surfanin tsaye shi kaɗai. Tun shekarun 1960 masana'antun Lustenau da ke yankin Vorarlberg na Ostiriya suke yi wa kasuwar Najeriya irinsa, haka ma na Suwizalan, kafin na Asiya ya cika kasuwa. Ba na raina shi, ya ƙawata bukukuwanmu shekara da shekaru. Sai dai shi ado ne da aka ɗora a kan yadi, na Idriya kuwa babu yadi a ƙarƙashinsa ko kaɗan, zare ne da iska.

Me ya sa ɗan ƙarami yake da tsada haka?

Lokaci ake saya. Ɗan abin ɗora kofi yana cin sa'o'i masu yawa, shimfiɗar tebur kuwa watanni, wani lokaci hannu da yawa. Kuma duk da tsadar, idan aka raba kuɗin da sa'o'in da aka zauna, abin da ke shiga hannun mai saƙa kaɗan ne. Matan da ke ɗinkin hula a gidajenmu sun san wannan lissafin sarai.

Ni mai kwarashi ce a Zariya. Zan iya koya ba tare da na yi odar kaya daga waje ba?

Ƙwarai kuwa, 'yar'uwa, kuma kin riga kin yi rabin tafiya, don hannunki ya san jan zare. Ki ɗinka jaka mai siffar ganga da yadi mai ƙarfi, ki samo garin katako busasshe wurin kafinta, ki tankaɗe, ki ɗura kina dannawa har sai yatsa ya kasa lotsa shi. Matashi mai laushi ba ya riƙe fil, kuma shi ne abin da ya fi karya wa 'yan koyo gwiwa. Ki ɗora shi a kwando ko ƙaramar roba. Kwarkwaro goma kike buƙata, masassaƙi zai fere miki su da ɗan wuya da kai, kafin nan ma fensir goma za su yi. Ki fara da zaren kwarashi mai ɗan kauri, masu zirga-zirgar ki sa musu launi dabam don ki riƙa ganin hanyarsu.

Kada ki fara da fure. Ki yi miƙaƙƙen ziri har gefensa ya daidaita, sannan mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji, sannan zobe da zai tilasta miki rufewa. Ki nemi fil da ba ya tsatsa, musamman saboda damina, don tabon tsatsa ba ya fita daga farin zare. Da hunturu kuma ki riƙa rufe aikin da ƙyalle duk sa'ad da kika tashi. Bidiyon gwanaye na nan a intanet, kuma gani ya kori ji.

Sana'ar mata ce kaɗai?

A tarihi mata ne suka riƙe ta, don maza na cikin rami. Yanzu akwai yara maza a makarantar.

Yaya ake wanke shi?

Da hannu, a ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu marar ƙarfi. A jiƙa, a motsa a hankali, kada a cuɗa, kada a murɗe. A ɗauraye sosai, a shimfiɗa a kan tawul, a gyara masa siffa da yatsu tun yana da danshi, a bar shi ya bushe a inuwa. Idan za a yi guga, a kife shi a kan abu mai laushi a ɗora ƙyalle a sama. Sinadarin sa fari yana cinye zare, a nisance shi. Wajen ajiya gara a naɗe shi da a ninke, kuma cikin farin ƙyallen auduga, ba cikin leda ba.

Ina mutum zai je ya gan shi da idonsa?

Idriya tana yamma da Ljubljana, babban birnin ƙasar. Kowane watan Yuni ana bikin leshi a garin, inda yara da manya ke zama a jere da matasansu ana gasa. Makarantar na baje aikin ɗalibanta. Gidan tarihin garin kuma yana cikin fadar Gewerkenegg, wadda a da ita ce ofishin hukumar mahaƙar da rumbun zaiba. A can ne aka ajiye wata babbar shimfiɗar tebur da aka saƙa a shekarun 1970 domin Jovanka Broz, matar Tito shugaban Yugoslabiya, ƙasar da Sulobeniya ke cikinta a lokacin. An gama aikin, amma siyasa ta juya, matar ta daina fitowa bainar jama'a daga 1977, shimfiɗar ba ta kai gare ta ba. Tana nan a garin da aka saƙa ta, tsawonta mita uku.